Baƙin Zauren Malam Danda

Ranar da Lauratu ta fara ganin Amani, da tulu ya tsaya a ƙofar gidansu a Tasawa, sanye da kakin malaman gona, yana roƙon ruwa. Rijiyar mahaifinta, Malam Danda, ta yi suna a unguwa don ruwanta ba shi da zartsi.

"Na sha ne ko na wanki?" ta tambaye shi.

"Na kihi ne."

"Dahuwa za ka yi?"

"A'a, kiwonsu nike. In na taso aiki in zauna in kalle su."

Ta yi dariya har guga ya kusa suɓuce mata. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ba ta labarin wani likitan dabbobi Bafaranshe da ya koma gida bayan samun mulkin kai, ya bar masa akwatin gilashi da jajayen kifaye a ciki. Tun daga ranar ta raɗa masa Sarkin Ruwa, shi kuma yana ce mata Mai Rijiya. Kifayen dai ba sa buƙatar sabon ruwa kullum, amma tulun bai taɓa fashin zuwa ba.

Da magabatan Amani suka zo neman aure, Malam Danda ya shimfiɗa musu tabarma, ya cika su da fura, sannan ya ce a'a.

"Ɗan lakwal, ɗan boko mai kiwon abin da ba ya ci, ba ya saidawa? Wanga ba shi riƙe gida."

Shi hankalinsa na kan Hashimu mai kamyo, babbar motar da yake jigilar gyaɗa da ita zuwa Maraɗi. Lauratu ta yi kukanta a ɗaki, ta fito ta ci gaba da surfe, don ita ba mai bari a ga hawayenta ba ce.

Da kakar gyaɗa ta zo, aka tura Amani garin Attantane duba iri. Akwatin gilashi ba ya hawa jaki, don haka ya tattara ƙarfin hali ya durƙusa gaban mutumin da ya hana shi 'ya, ya roƙi a ajiye masa.

"Aure daban, amana daban," in ji Malam Danda. "A aje su zaure."

Amani ya nuna wa Lauratu ƙa'ida. Dusa kaɗan, abin da yatsa biyu suka tsinta, da safe kawai. Bayan tafiyarsa wata mai zuwa cin kasuwa ta kawo mata 'yar takarda da ajami: "Mai Rijiya, ruwan nan garin ba shi kashe ƙishi. Ki gaida jajayen, ki ce musu ina kishinsu, su ke ganinki kullum."

Ba a daɗe ba ruwan ya fara dishi-dishi, maiƙo na yawo a samansa. Cikin kifayen ya kumbura. Suna tasowa sama suna buɗe baki, ƙaramin kifin na iyo a karkace. Lauratu ta rasa inda ta kuskure, har wata safiya ta leƙo zaure ta ga mahaifinta tsugune, hula a gwiwa, yana murmusa ƙuliƙuli cikin ruwan.

"Ku ci, bayin Allah," yake ce musu a hankali. "Ba a kwana da yunwa gidan Danda."

Ta koma da baya. Dariya ta zo mata, tausayi ya danne ta. Mutumin da duk Tasawa ta san ba a fita zaurensa da ciki wayam, ta yaya 'yarsa za ta ce masa ya daina ciyar da baƙi? Ta gwada ta gefe, ta ce wai an ce kifi ba ya son maiƙo. Ya ce wanda ya faɗa bai taɓa zama kifi ba. Sai ta koma canza ruwa a ɓoye, shi kuma yana ƙara ƙuliƙuli a ɓoye, har ƙaramin ya mutu.

Hashimu, da ke zuwa gaisuwa zauren, ya gani. Da kamyonsa ta tsaya Attantane ɗaukar kaya, ya shaida wa Amani cewa Lauratu ta yi watsi da kifayen tunda an kusa sa ranar aurenta da shi Hashimun.

Amani ya iso da hantsi, ko gida bai biya ba. Malam Danda na zaune da Hashimu. Lauratu ta fito da ruwan baƙo. Amani ya duba akwatin, ya daɗe, sannan ya dube ta.

"Lauratu, in kin gaji da ni, ki hwaɗa mini. Su mi sunka yi miki?"

Sunan nan da ya kira tsirara ya fi maganar zafi. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma kalmar za ta zubar da girman mahaifinta gaban samari biyu. Ta ɗaga kai.

"Ni ce na cika musu abinci. Ka yi haƙuri."

Hashimu ya yi murmushi. Amani ya sunkuya zai ɗauki akwatinsa, ita kuma ta tsaya ƙyam tana kallon aurenta zai fita ta ƙofar zaure.

"Aje shi," in ji Malam Danda. Ya miƙe, ya zazzage aljihun rigarsa, guntayen ƙuliƙuli suka zubo a tabarma. "Ɗiyata ba ta ƙarya, yau ta yi don ni. Ni na ba su. Na ga abin da ake ba su bai isa a kira shi abinci ba. Amana hannuna ta ɓaci."

Amani ya saki akwatin, ya durƙusa.

"Baba, da na san karamcin gidanga zai kai har kansu, da ku zan yi ma bayani. Sauran za su tashi in Allah ya so, amma sai kun taimaka. A riƙa rage ruwan rabi-rabi, a sa ɗan gishiri, kuma a bar su da yunwa kwanaki."

"Da yunwa? Cikin zaurena?"

"Shi ne maganin, Baba."

Sannan ya juya ga Lauratu, a gaban kowa. "Mai Rijiya, na yi miki mugun zato. Ki gahwarta mini."

"Sai na yi shawara, Sarkin Ruwa," ta ce. Ta shige gida da sauri kafin murmushin ya tona ta. Hashimu ya tuna yana da lodi a tasha.

Kwanakin jinyar nan sun fi wahalar da Malam Danda a kan kifayen. Kullum da la'asar shi da Amani suna gaban akwatin, ɗaya na kwasar ruwa, ɗaya na mita. Ranar da babban kifin ya baje wutsiya ya zagaya gilashin da ƙarfinsa, tsohon ya aika a kira magabatan Amani.

"Yaron da ya kama ni da laihi ya rufa mini asiri, ya kuma ba mace haƙuri gaban mutane, shi na riƙe gida," ya ce musu.

Aka ɗaura aure bayan an gama awon gyaɗa. Da za a fita da amarya, Lauratu ta durƙusa gaban mahaifinta, lulluɓe, tana jin alfahari da mazan nan biyu har ƙirjinta ya cika. Ya dafa kanta, ya dubi ango.

"Na ba ka wadda ta hi komi gidanga. Su jajayen kihin can ka bar mini su, gidan zai yi shiru da yawa."

Ya ɗaga hannu.

"Allah ya ba ku zaman lahiya, ya sa ku rufa ma juna asiri kamar yadda kunka rufa mini."

Zaure ya amsa da amin, guɗa ta tashi daga cikin gida.