Hotunan Bakin Rijiya

Ranar kamun Radiya ce, a wani tsohon gida da ke Kusfa cikin birnin Zariya. Rana ta yi ja, 'yan biki sun watse, ba abin da ya rage a tsakar gida sai kujerun roba da ƙamshin turaren wuta. Hajiya Rakiya, uwar amarya, ta ɗauki buta za ta yi alwalar magariba. Sai wani ɗan dutse ya faɗo gabanta.

Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Na biyu ya faɗo a kan kwanon rufi, na uku ya fasa tulu. Duk daga bayan gida suke zuwa, inda tsohuwar rijiya take.

Wannan rijiya ta daɗe da ƙafewa. Marigayiya kakar su Radiya, surukar Hajiya, duk bikin da za a yi a gidan, sai ta rufe bakin rijiyar da tabarmar kaba, ta kewaye ta da zana, ta yi sallama ta ce, "Za mu yi taro, ku yi haƙuri da mu." Bayan rasuwarta Hajiya ta ci gaba da sa zanar, amma sallamar ta bari.

Ibtisam, ƙanwar amarya, ita ta shirya bikin. Ta buga katuna masu ɗigo-ɗigon baƙi da fari, irin waɗanda ake haska wa kyamarar waya, ta manna a kowace kujera. Duk wadda ta haska, hotunanta sai su tafi wuri ɗaya a intanet, amarya ta same su a tare. Da ta ga zanar ta ɓata ado, sai ta janye ta har da tabarmar, ta jera furanni a bakin rijiyar, ta manna babban kati mai cewa a ɗauki hoto a nan. Mata suka yi layi. Fitilun wayoyi suka yi ta walƙiya cikin ramin har yamma.

Da aka idar da sallah, aka nemi Radiya aka rasa. A bakin rijiyar aka same ta zaune, lallenta bai gama bushewa ba, ta rufe fuska da tafin hannu biyu.

"Radiya, tashi mu shiga ciki," in ji Hajiya.

"Ba sunana ba ne."

Muryar ta tsohuwa ce, mai kauri, kamar daga ƙasa take fitowa. Hajiya ta yi salati. Jibi ne za a kai amarya, ga dangin ango har sun sauka a Ƙofar Doka.

Washegari da hantsi aka kira Malam Hamisu, dattijo mai ruƙiya a unguwar. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu nesa kaɗan da Radiya, ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit. Ya daɗe yana yi kafin jikinta ya fara rawa.

"Dakata, Malam, kana ƙona ni. Ni ma ina sallah."

"To mai sallah, me ya kai ki jikin 'yar mutane?"

"Me ya kai su kan tawa 'yar? Mun riga kakanninsu zama a nan. Da, akan yi mana sallama mu ja labule. Jiya aka yaye mu. 'Yata budurwa ce, ko a cikinmu ba kowa ya san fuskarta ba. Yanzu tana cikin wayoyin baƙi."

Ibtisam ta buɗe wayarta. Hotunan bakin rijiya sun fi sittin. A kowanne, bayan kafaɗar masu murmushi, akwai wani farin hazo mai tsawon mutum, kansa a sunkuye kamar mai jin kunya.

"An yi muku laifi," in ji Malam, "amma da rashin sani. Zalunci kuma bai halatta gare ku ba, kamar yadda bai halatta gare mu ba. Me kike so?"

"Ku dawo min da fuskar 'yata, in bar muku taku. Kafin rana ta faɗi. In ɗaya ya rage, ba inda za ta."

Katin da ya jawo abin shi ya taimaka, domin kowane hoto yana ɗauke da sunan wadda ta turo shi. Ibtisam ta bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Kusfa har Wusasa, inda Priskila, ƙawar amarya tun makaranta, ta goge nata ba tare da ta tambayi dalili ba. Wasu kuwa sai da aka yi musu magiya.

La'asar sakaliya Ibtisam ta dawo ta ce an gama. Sai dutse ya sake faɗowa.

"Saura ɗaya," in ji muryar.

Hajiya ta sunkuyar da kai. A wayarta yake, ba ta tura shi ba. Ita da Radiya ne a bakin rijiyar, sun haɗa kumatu suna dariya. Yarinyar ba ta son hoto, kuma tun tana goye ba su taɓa ɗauka tare ba. Hajiya ta dube shi, ta sake dubawa. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Ta danna, ya tafi.

Radiya ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido. "Hajiya, me nake yi a ƙasa?"

Da hannunta Hajiya ta mayar da tabarma da zana. Ta tsaya, ta yi sallama yadda surukarta take yi.

Aka kai amarya lafiya. Bayan kwana uku, Ibtisam na duba hotunan bikin, sai ta ga wani sabo, babu sunan wanda ya turo. Hajiya ce da Radiya a ranar kamu, sun haɗa kumatu suna dariya, bayansu sararin sama ne kawai. Daga ƙasa aka ɗauke shi, daga cikin rijiyar.