Wanda Baba Ya Tura Trafalgar

Remediyos tana gyaran kifi a tsakar gidansu a Kadis ta ƙasar Sifaniya, sai ga ƙawarta Pastora ta faɗo ko sallama babu.

"Sun tafi da Baltasar! Sojojin ruwa sun kama shi a bakin teku, kuma babanki ne ya nuna musu shi!"

Wuƙar ta suɓuce mata. Jiragen yaƙin Sifaniya da na Faransa sun cika tashar garin, ana kamun maza ido rufe don a kara da Ingila. Baltasar masunci ne, ko bindiga bai taɓa riƙewa ba. Laifinsa kawai yana sonta, ga shi ubansa ya taɓa sharara wa nata uban mari a kasuwa, shekara ashirin ke nan.

Ta tarar da ubanta, tsoho Anselmo, yana cin zaitun hankali kwance.

"Baba, da gaske ne?"

"Ƙwarai! Yau na rama marina. Ya je ya auri igwa!"

"To na rantse da Allah, in ya mutu, ko gawarka ba zan kalla ba!"

Ya bushe da dariya. Kafin la'asar dariyar ta koma ciki, don kamun ya haɗa da Ginés, yayanta, ɗansa namiji tilo. Jirgi ɗaya aka zuba su.

Ranar ashirin da ɗaya ga Oktoba rugugin igwa ya taso daga teku, wajen gaɓar Trafalgar. Ingila ta yi kaca-kaca da jiragen, guguwa ta ƙarasa saura. Kwana biyar teku na amayo katako da gawarwaki, Remediyos na bi tana juya su. Uban na binta a baya yana kiran sunan ɗansa. Rannan ya yanke jiki ya faɗi a yashi, ta ratse shi ta wuce.

Rana ta shida amalanke ya tsaya a ƙofar gidan. Ginés ne, da Baltasar, hannun hagunsa guntu naɗe da tsumma.

"Baba," in ji Ginés, "da jirginmu ya tarwatse, wannan bawan Allah ne ya riƙe ni a kan katako da hannu ɗaya. Kuma ya san wanda ya nuna shi."

Tsohon ya zube a gaban Baltasar yana kuka.

"Kada ka yafe masa!" Remediyos ta daka tsawa. "Ya biya ka hannunka tukuna!"

"Haba Remediyos," in ji Baltasar a gajiye. "Daga inda ake ramuwa na fito, jini har idon sawu. Ya ishe ni. Ɗaga mahaifinki."

Ta daɗe tsaye tana huci, sannan ta sunkuya.

Bayan bikin Ista aka ɗaura auren. Haƙurin Baltasar ya ba shi abin da ramuwa ba ta taɓa ba kowa ba. Mai gina ramin mugunta kuwa ya gina shi gajere. Anselmo, da duk tsufansa, shi ya riƙa ja wa surukinsa raga a kwalekwale har ya koma ga Allah.