Damin Matafiyi

Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Hajja Ni'mat na zaune a tsakar gidanta na Umdurman tana soya gahawa a kan garwashi, ƙanshi ya cika gida amma babu mai kula da shi. 'Yarta Mawahib na bakin gado, ta haɗa kai da gwiwa tun safe.

"Ya bitti, 'yata, halas haka, ya isa," in ji Hajja. "Kukan nan ba zai juya Haj Salih ba. Kin san ubanki."

"Yumma, da wani aibu ya gani a wurin Haisam da na haƙura. Ya tambayi aikinsa, ya tambayi karatunsa, har da murmushi. Sai da ya ce 'ina ne garinku?' Haisam ya ce Tsamiyar Malam, a Jazira. Shi ke nan fa. Kofin shayi ya faɗi daga hannunsa, ya ce ba ya ba ɗan kambo 'yarsa."

Kambo shi ne zangon leburorin gona a Jazira, inda masu tsintar auduga ke zama a bayan garin masu gonaki. Mutanen birni kan faɗi kalmar suna yamutsa fuska, alhali tufafin da ke jikinsu daga hannun mutanen kambo suka fito.

Haisam mai gyaran famfunan ruwa da na'urorin sanyi ne a wata ma'aikata a Bahri, kwanansa kuwa a unguwar Dar Salam. An taɓa kiran sa ya gyara na'urar sanyaya shagon Haj Salih a kasuwar Suk al-Arabi, inda Mawahib ke taya mahaifinta sayar da mayafai. Bayan nan na'urar ta lalace sau huɗu a wata guda, kuma ni dai ban yarda laifin na'urar ba ne.

Shi kuwa Haj Salih kowa ya san labarinsa, ko in ce labarin da ya bayar. Ya shigo Umdurman yana saurayi, ya ce shi maraya ne ba shi da kowa a duniya. Mahaifin Ni'mat, ɗan tsohon gidan Hausawa da suka daɗe a birnin, ya ɗauke shi a shago, ya ga amanarsa, ya ba shi 'ya. Shekara talatin da biyar ke nan ba wanda ya taɓa sallama a ƙofar gida ya ce shi danginsa ne.

Da yamma Haj Salih ya shigo, Mawahib ta durƙusa a gabansa.

"Yaba, ka gaya mini laifinsa ko guda ɗaya ne."

"Laifinsa inda ya fito. Ban yi wahala na kai ki jami'a don ki koma bakin kwatar ban-ruwan gona kina tsintar auduga ba. Kada in ƙara ganin ƙafarsa a shago ko a gidan nan."

"To, Yaba," ta ce, hawaye na zuba.

Ƙawayenta sun yi ta zuga ta. Wata ta ce ta kai ƙara wurin alƙali, wata ta ce ta daina cin abinci har tsohon ya sauko. Mawahib ta ce auren da babu albarkar uba a cikinsa ba ta so, kuma wani miji ban da Haisam ba ta so. Ta tsaya a nan. Masu neman aure biyu suka zo, ta sallame su cikin ladabi. Ta rame, ta yi duhu, wata goma sha huɗu suka wuce a haka. Saƙo a waya kaɗai ya rage tsakaninta da Haisam, shi ma da sanin Hajja.

A lokacin ƙungiyar 'yan Tsamiyar Malam da ke Dar Salam ta ɗora wa Haisam aiki. Tsofaffin gari na ƙarewa, ana so a tattara tarihi kafin ya bi su kabari. Duk ƙarshen wata sai ya hau mota zuwa Jazira, ya zauna gaban tsofaffi ya ɗauki maganarsu a waya. Wata rana ya turo wa Mawahib guda ɗaya, ya rubuta: "Ki ji Haboba Fatna, kakar gari ce. Wallahi rikodin ɗin nan ya fi duk lakcocin jami'arku."

Mawahib ta yi wata dabara wadda ta ɗauka wayo ce. Ta bari sai bayan la'asar, lokacin da mahaifinta ke kishingiɗe a tsakar gida yana jan carbi, sai ta zauna kusa da Hajja suna tsintar shinkafa, ta kunna wayar ta ƙara murya. Nufinta ya ji da kunnensa cewa mutanen da ya rena su ma suna da asali.

Muryar tsohuwa ta fito, Hausa tsantsa irin wadda ba a ƙara ji a Umdurman.

"Garin nan, ɗana, matafiya ne suka kafa shi. Malam Abubakar Sadiƙ ya taso daga yamma da gida bakwai, a ƙafa, za su Makka. Guzuri ya ƙare a nan. Suka ce bari su tsinci audugar shekara ɗaya su wuce. Shekara ɗayan ce har yau ba ta ƙare ba. Bukkoki suka kafa a ƙarƙashin tsamiya, don ba a yarda mu yi ginin ƙasa ba sai da na yi wayo. Ruwan kwata muke sha, mu da jakuna. Masallaci da gayya muka gina shi, makaranta da gayya, rijiya da gayya. Ni na ɗauki ƙasar ajin farko a kaina."

Carbin Haj Salih ya tsaya. Mawahib ta lura, ta ji daɗi a ranta, ta ɗauka maganar ce ke shigar sa.

Aka ji muryar Haisam yana tambaya: "Haboba, damin matafiyi fa? Daga ina ya samo asali?"

"Gida biyu cikin bakwai ɗin sun ci gaba zuwa Makka. Da kaka ta yi sai Malam ya ce kowa ya ɗaure musu damin dawa a ajiye, kada su dawo su tarar ba su da rabo. Ba su dawo ba, amma al'adar ta zauna. Duk gidan da ke da wanda ya tafi, in an girbe dawa sai a ɗaure masa daminsa a sa a rumbu. In ya zo ya ci. In bai zo ba, baɗi a yi sadaka da tsohon, a ɗaure sabo."

"Ke ma kina ɗaurewa?"

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Ni ce ma babbar mai ɗaurewa. Ƙanena Salihu. Ni na goye shi da uwarmu ta rasu. Yana da tabon lauje a hannun hagu, daga nan zuwa nan, ni na ɗaure masa da bakin zanena. Na sa shi a motar auduga na ce tafi birni ka zama mutum. Bana dami na talatin da biyar zan ɗaure."

"Ba ki san inda yake ba?"

"Yana inda Allah ya ajiye shi. Allah ya rufa masa asiri."

Hajja Ni'mat ta ajiye faifan shinkafa, ta juya a hankali ta dubi hannun mijinta na hagu. Tabon na nan, dogo, mai lanƙwasa. Shekara da shekaru yana ce mata gilashin taga ne ya yanke shi.

"Haj," ta ce, "gilashi ne ko lauje?"

Ya ja hannun jallabiyarsa ya rufe wurin.

"Na tambaye ka. Na haifa maka 'ya, na yi ta tausayinka kowace Sallah don ba ka da gidan da za ka je gaisuwa. Ashe kana da yaya tana ɗaure maka dawa."

"Da na faɗa, Ni'mat, da ubanki bai ba ni ke ba."

"Wataƙila. Amma ubana ya shekara ashirin a kabari. Bayansa wa ya rufe maka baki?"

Ya sunkuyar da kai. Mawahib ta dube shi. Yanzu ta gane ba Haisam mahaifinta ke gudu ba. Ranar da dangin ango za su cika gida yake tsoro, kada wani tsoho ya dube shi ya ce "Ai wannan Salihun Fatna ne."

"Yaba," ta ce, "mu je mu gan ta. Tafiyar rabin yini ce."

"Zan je. Ku bar ni in shirya. Kada maganar nan ta fita daga gidan nan."

Ta roƙe shi ya bari ta gaya wa Haisam shi kaɗai, ya ɗaga kai da ƙyar. Ta kira Haisam a waya ta gaya masa. Ya ce, "Sirrin Ammi ne, wato mahaifinki, ba nawa ba. Ba zan riƙe shi kamar wuƙa a wuyansa don ya ba ni ke ba. Amma ki ce masa ya yi sauri, Haboba ba ta da ƙarfi."

Abin haushi, Haj Salih bai yi sauri ba. Ya ce sai an sauke kayan da ke hanya. Kaya suka zo, ya ce sai bayan azumi. Ya sayi farin mayafi mafi tsada a shagonsa ya naɗe ya sa a akwati, ya ce na Fatna ne. Azumi ya wuce, ya ce sai zafi ya sauka. Ba shiri yake yi ba, kunya ce ta ɗaure masa ƙafa, kuma kullum ya ƙara kwana sai ta ƙara nauyi.

Wata Talata da hantsi aka ji raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar gida. Haisam ne ya yi sallama, karo na farko tun da aka kore shi. Rigarsa duk ƙura, a kafaɗarsa damin dawa an ɗaure shi da ƙyallen zane mai shuɗi. Ya sauke shi a gaban Haj Salih, ya tsuguna.

"Ammi, ka yi haƙuri na taka gidanka. Aiko ni aka yi. Haboba Fatna ta rasu shekaranjiya, an rufe ta kusa da tsamiya."

Hajja ta yi salati. Mawahib ta toshe bakinta da mayafi.

"Ka gaya mata?" in ji Haj Salih. "Ka gaya mata ina nan?"

"Ban gaya mata ba, Ammi. Ita ta gaya mini. Da ciwo ya tsananta ta sa aka kira ni. Ta ce shekara ashirin da biyu da suka wuce ta zo asibiti a Hartum, aka bi da ita ta Suk al-Arabi, ta gan ka a bakin shago da farar jallabiya, ana ce maka Haj. Ta tsaya a tsallaken titi har ta ƙoshi da kallonka, sannan ta wuce. Da ta koma gida ta tara manyan gari ta sa suka yi mata alkawari: duk wanda ya gan ka a kasuwa ya kau da kai, kada ya ɓata maka abin da ka gina. Shi ya sa mu yara ba mu sani ba."

Haj Salih ya zame daga kan gado ya zauna a ƙasa.

"Ta ce da na ba ta labarin wani Haj a kasuwa ya hana ni 'yarsa saboda sunan garinmu, nan take ta san kai ne. Ta ce in kawo maka wannan. Da hannunta ta ɗaure shi, a zaune, don ta kasa tsayawa. Ta ce a ce maka ba ta riƙe ka da komai ba. Amma yarinyar nan, ta ce, jininta ce, kada a sa ta jira irin jiran da ita ta yi."

Dattijon da kasuwa ke tsoro ya rungume damin dawa yana kuka kamar yaro, yana kiran "Yaya, Yaya," sunan da bai fito daga bakinsa ba tun yana ɗan shekara goma sha takwas. Babu wanda ya ba shi haƙuri. Hajja ta shiga ɗaki ta fito da farin mayafin nan daga akwati, ta ajiye a gefensa.

Bayan arba'in aka ɗaura aure. Motoci uku suka zo daga Tsamiyar Malam, tsofaffi da manyan rawuna da hannuwa masu kanta. Haj Salih ya tsaya a ƙofa ya naɗe hannun riga, tabo a waje, duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ni ne Salihu, ƙanen Fatna." Tsofaffin suka riƙa amsawa, "Mun sani," suna wucewa ciki. Wannan amsa ta fi masa zagi ciwo.

Mawahib ta sami Haisam, ta same shi da albarkar uba kamar yadda ta nace. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba, haka ma kawaicin saurayin da ya sami makami ya ƙi ɗagawa. Amma ku matasa masu barin gida ku shiga birni, ku ji wannan da kyau: wanda ya ji kunyar inda ya fito, mutanen da suka fi ƙaunarsa su ne za su ɗauki nauyin kunyar, kuma ba kullum ba ne suke kai ranar da zai waiwayo. Zumuncin da za ku yi gobe ku yi shi yau.

Damin kuwa Hajja ce ta sussuke shi, aka niƙa, aka tuƙa tuwon ranar biki. Al'ada ta ce mai dami shi ke fara sa hannu, don haka aka ajiye akushi a gaban Haj Salih, mutanen garinsa na zaune suna jira. Ya yanko loma, ya kai ta bakinsa, ya daɗe yana taunawa. Mawahib da ke leƙe ta bayan labule ta ce har aka ɗauke akushin ba ta ga ya iya haɗiye ta ba.