Ruwan Magarya

Shinshinau na aiki a ƙarƙashin Birnin Tsauni kamar kullum. Ƙananan hantuna ne na ƙarfe dubu arba'in, dashe a bututun ruwan datti na benayen garin. Duk ruwan da ya wuce sai sun shinshina shi, sun aika saƙo zuwa babban allo. Unguwar da ake shan lumshe, ƙwayar da ke fita ta gumin mai shanta, sai ta yi ja a taswira. Dakta Kubura Ɗantsoho ce ta ƙera shi da kuɗin gwamnati, amma har yau idan allon ya kama, sai ta tsaya ta zuba masa ido.

Sai dai majalisa ta gaji. Asibitoci sun ce mutum tara kacal lumshe ta kashe a shekara. Mutanenmu kuwa, ka san su da rufin asiri: kowane mamaci zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

"Likita, a kan mutum tara za mu ci gaba da ciyar da wannan dodon?" in ji Honarabul Sallau, shugaban kwamitin lafiya. "Mako biyu muka ba ki ki kawo hujja, ko mu rufe shi."

Tana tonon bayanai ta tarar na'urar ta ware wani ruwa gefe, ba tare da kowa ya sa ta ba. Ruwa ne mai kafur da ganyen magarya, haɗe da lumshe mai yawan gaske. Kubura ta dafe ƙirji. Ruwan wankan gawa ne! A da rami ake haƙa masa a tsakar gida, amma wanda ke hawa na talatin ina ya ga ƙasa? Ashe ƙarfe ya koyi ƙirga matattu. Dubu biyu da ɗari shida yake ƙirgawa a shekara.

Sallau ya ce ba zai yarda ba sai gida ɗaya ya fito ya amsa. A jerin da na'urar ta fitar kuwa akwai benen su Kubura, ranar da aka yi wa ƙaninta Nafi'u wanka. Ta daɗe tana kuka kafin ta tafi wajen mahaifiyarta.

"Inna, ciwon zuciya kika ce mana."

Tsohuwar ta ce, "Ikon Allah. Shekara biyu ina haɗiye wannan ni kaɗai, ashe bututu ya sani. In zai tsare 'ya'yan wasu, je ki faɗa."

Aka faɗa a gaban majalisa, da sunan Nafi'u da na uwarsa. Nan take aka ninka kuɗin Shinshinau.

Shekara ta zagayo, adadin ya faɗo zuwa goma sha ɗaya. Gwamnati ta yi biki, aka rataya wa Kubura lambar yabo. Tana dawowa da lambar a wuya, ta shiga lif ɗin benensu tare da wasu dattawa biyu, idanunsu jajir. Kowanne na riƙe da jarka, ƙamshin kafur ya cika wurin.

"Baba, ina za a kai ruwan?"

"Bayan gari, 'yar nan," in ji ɗayan, yana kallon ƙasa. "Mun ga yadda aka yi da mahaifiyarki."