Kujerar Da Ba Kowa A Kanta

"Muna tare da ku kai tsaye daga ɗakin watsa shirye-shirye, masu saurare..."

Muryarta ce, ba ta wata ba.

Daga wayar da ke hannun mijinta take fitowa. Shi kuwa yana tsaye a ƙofar ɗakin kwalliyar 'yan wasan kwaikwayo, rigarsa sharkaf da gumi, idanunsa sun kaɗa sun yi jajur.

Ta miƙe zumbur.

"Baban Tsuntsuwa... me ya kawo ka nan?"

Kallonta kawai yake yi, tun daga furfurar ƙaryar da aka shafa mata har zanen tsufan da aka ja mata a kumatu. Makonni ke nan duk Asabar tana fitowa a dandali a matsayin wata tsohuwa mai masifa, yanzu ma hutun tsakiyar wasa aka ba su.

"Kai tsaye," ya maimaita a hankali. "Ke ce a can, ko ke ce a nan?"

"Don Allah ka tsaya in yi maka bayani..."

"Ina abin shaƙar yarinyar nan?"

Ta juya ta dubi jakarta da ke rataye a ƙusa. Da safe da suka fita da yarinyar ta jefa maganin numfashin nata ciki, ta manta ba ta mayar da shi kan firij ba.

"Innalillahi! Me ya same ta?"

"Tana asibiti."

A cikin wayar sai muryar tata ta yi wata 'yar dariya mai daɗi, ta ce, "Kafin mu rufe, ina gaida Mai Saurarena da 'yar Tsuntsuwata, na san suna gida sun kasa kunne..."

Ya kashe wayar.

Shi ya raɗa mata suna Murya, tun yana saurayi mai damun gidan rediyo da kira. Malamin lissafi ne, mutumin da magana ke yi wa wuya, amma duk yamma sai ya kira shirinta ya yi tambayar da ba ta da kai balle gindi, don kawai ya ji ta amsa. Sunan ya bi gari. Ita kuma ta mayar masa da Mai Saurarena, har aka yi aure, har aka haifi 'yar da ba ta rufe baki tun asuba, suka ce mata Tsuntsuwa.

Aikin rediyo bai taɓa damun kowa ba. Inna, mahaifiyarsa, har taƙama take yi da ita a gidan suna. Dandali ne Inna ba ta ƙauna ko kaɗan. Matar ɗanta, uwar jikarta, a tsaye gaban ɗaruruwan idanu wani ƙato yana kiranta matarsa? Ranar da aka fara gane yarinyar na da ciwon numfashi, Inna ta zaunar da su ta ce a zaɓa. Murya ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi tabarma. Haka ta yi alkawarin barin dandali, alkawarin da zuciyarta ba ta sa hannu ba.

Shekara biyu ta daure. Sai Darakta, mai shirya musu wasa a dandali, ya zo da wasan tsohuwar nan, ya ce da ita a ransa ya rubuta shi. Matsalar ɗaya ce, lokacin wasan ya ci karo da shirinta na yammacin Asabar.

Zuma ce ta kawo dabara. Ita ke karanta sanarwa a gidan rediyon, bakinta kuwa ya ci sunanta.

"Haba ƙawata, wannan har abin damuwa ne? Ki naɗi shirin tun Alhamis, ni zan saka miki. Ki ce layin waya ya samu matsala. Wa zai sani?"

Da Murya ta tsaya ta yi tunani, da ta tuna yadda Zuma ke shafa kujerar shirin yamma duk sanda ta wuce. Amma wanda ke jin ƙishirwa bai cika duba kofi ba. Ta naɗa. Kuma bakin da ya saba cewa "kai tsaye" kullum, ko a naɗi bai fasa faɗa ba.

Ta fizgi jakarta ta yi waje. A lungun bayan labule Darakta ya tare ta, hannuwa a buɗe.

"Ina za ki? An kusa ɗaga labule! Zaure cike yake da mutane!"

"'Yata tana asibiti."

"Rabin wasa ya rage! Ki ƙarasa, ni da kaina zan kai ki!"

"Matsa min, Darakta."

"Idan kika fita ƙofar nan, tsohuwar nan ba taki ba ce kuma!"

Ta fita.

Rediyon da ba a taɓa kashewa a motar ba yau shiru yake, sai kukanta da take ta haɗiyewa.

Tsuntsuwa na kwance a gadon asibiti, an rufe mata hanci da baki da robar iska, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. Inna na zaune a gefenta. Murya ta ruga ta durƙusa ta kai hannu, sai yarinyar ta zaro ido ta maƙale a jikin kakarta tana neman ihu.

Ba ta gane ta ba. Wata tsohuwa mai furfura ta gani.

"Tsuntsuwata... ni ce, Mama ce..."

Sai da ta ji muryar sannan ta saki jiki, ta miƙo ɗan hannunta tana shafa zanen kumatun.

Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Sannu tsohuwa. Ashe mun zama sa'o'in juna ban sani ba."

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Ni za ki ba haƙuri? Yarinya na shure-shure, uwarta na can tana ba gari dariya! Wallahi da jikata ta mutu yau, da ko gawarta ba za ki taɓa ba!" Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka ci gaba da shiru, ai shi ka iya."

Ya ci gaba da shirun kuwa.

Kwana biyu aka sallame su. Ranar Litinin Manajan gidan rediyo ya kira ta ofis, Zuma na zaune a gefe tana share hawayen da ba su fito ba. An dakatar da Murya saboda yaudarar masu saurare, an ba Zuma shirin yamma. Darakta ma ya cika maganarsa, ya ba wata yarinya matsayin tsohuwar.

Duk wannan bai ƙona mata rai kamar gidanta ba. Bai yi mata faɗa ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi da ta ji sauƙi. Zai ci abinci ya ce an gode. Zai fita ya ce sai na dawo. Ƙaramin rediyon da ke kan tagar kicin, wanda ya saya da albashinsa na farko don ya riƙa jin ta, ya naɗe wayarsa ya ɗora shi saman kabad. Sunan Murya ya ɓace daga bakinsa, ta koma Maman Tsuntsuwa.

Wata yamma yana duba takardun ɗalibai a falo, ta zo ta durƙusa a gabansa ta dafa gwiwarsa.

"Mai Saurarena..."

Biron ya tsaya.

"Ka zage ni. Ka kore ni ma in kana so. Amma wannan shirun zai kashe ni."

Ya ajiye biron.

"Kin san abin da na gani?"

Ta girgiza kai.

"Na birkice gidan nan ban ga abin shaƙar ba. Wayarki a kashe. Ga ki a rediyo kina dariya, yarinya na nuna shi da yatsa tana cewa Mama. Na ce ai ga ki nan kusa, yana jakarki. Na saɓe ta a kafaɗa na hau benen gidan rediyon nan da gudu. Ƙawar taki ba ta ce min ba kya nan ba. Cewa ta yi in biyo ta. Ta kai ni har gaban gilashin, ta ce in leƙa."

Ya ture takardun gefe.

"Jar fitila a kunne. Makirufo a tsaye. Muryarki ta cika ɗakin... kujera kuma ba kowa a kanta. 'Yata na mutuwa a kafaɗata, ina kallon kujera tana gaishe ni."

Ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka.

"Shekarun nan duk, idan na ji ki, na san inda kike. Yanzu ko a ɗakin nan kika yi magana, kujerar nake gani."

"Na yi kuskure, rabin raina. Na yi babban kuskure, ba ni da bakin kare kaina." Ta ɗago jiƙaƙƙun idanunta. "Amma kai ma ka san dandali ya riga rediyo shiga zuciyata. A can ka fara ganin fuskata, ka manta? Kai ne mai tafin da ya fi na kowa ƙarfi. Ranar da Inna ta ce in zaɓa, kai na kalla."

"Ban ce ki daina ba."

"Ba ka ce kar in daina ba."

Ya tattara takardunsa ya shige ɗaki. Ta zauna a wurin tana jin zuciyarta kamar an ɗora mata turmi, ta tabbata auren nan shi ma ya kusa zama kujerar da ba kowa.

Wata guda Zuma ta yi a kan shirin yamma. Baiwar Allah duk abin da ta karanta sai ya fito kamar sanarwar rasuwa, ko gaisuwar masoya ce. Masu saurare suka dami Manaja da kira har ya gaji, ya aika a kira Murya, da sharaɗin ko tari za ta yi, ta yi shi kai tsaye, ya kuma cire Asabar daga ranakun shirin. Darakta ma ya huce, amma rabi. Ya ce akwai matsayin maƙwabciyar tsohuwar, mai shigowa aron tsintsiya ta faɗi 'yan kalmomi ta fita, in tana so.

Ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba. A gida ma ba ta samu fuskar faɗa ba.

Ranar Laraba ta koma. Ta zauna a kujerar, ta sa abin ji a kunne. Jar fitila ta kama. Ta yi sallama, ta buɗe layi, mutane suka yi ta yi mata barka da dawowa tana amsawa da dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta san rediyon gidanta na saman kabad.

"Sai mai kira na gaba. Salamu alaikum, wa ke kan layi?"

Sai numfashi kawai.

Ko cikin mutum dubu ta san wannan numfashin.

"Wani tsohon mai saurare ne," aka ce. "Tambaya gare ni."

"Muna... muna jin ka."

"Shirin nan kai tsaye ne?"

Hawaye ya zubo mata.

"Kai tsaye ne."

"To ɗago kanki."

Ta ɗago. Yana tsaye a bayan gilashin, waya a kunne, Tsuntsuwa a kafaɗarsa ta manna hanci da tafin hannu a jikin gilashin tana ɗaga mata ɗayan. Can bayansu Zuma ta rungume takardun sanarwarta ta wuce sum-sum.

Injiniya mutumin kirki ne, bai jira an ce masa komai ba ya saki waƙa. Jar fitila ta mutu. Ƙofa ta buɗe, yarinyar ta sauka da gudu ta faɗa jikinta.

"Mama! Baba ya ce mu zo mu ga ko kina kan kujera!"

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Daga aljihun rigarsa kan abin shaƙar ya leƙo.

"Na sayi wani," ya ce da ya ga tana kallo. "Wannan nawa ne, ba ya barin aljihuna." Ya matso kusa. "Daga wurin Inna muke. Na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun shekara biyu."

"Me ta ce?"

"Ta ce in fitar mata daga ɗaki. Har yanzu ba ta amsa sallamata." Ya yi murmushin da bai gama warkewa ba. "Za ta daɗe tana fushi. Ni ma ban gama hucewa ba, kar ki ɗauka na gama."

"Na sani, Mai Saurarena."

Injiniya ya ƙwanƙwasa gilashi, ya nuna waƙa ta kusa ƙarewa.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, Murya."

Jin sunan ya sa ta rufe baki da hannu.

"Ranar Asabar da yamma, ina za ki kasance?"

Ƙarya ta zo mata har bakin harshe, don ta saba hanya. Ta haɗiye ta. Ta ƙanƙame 'yarta, ta dube shi ido cikin ido.

"Dandali. Aron tsintsiya kawai zan shiga in fito."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo hannu ya karɓi yarinyar.

"To ki ce su ajiye mana kujera biyu a gaba."

Jar fitila ta kama. Bai tafi ba. Ya koma bayan gilashin ya tsaya yana kallonta, ita kuma ta jawo makirufo, ta ce wa gari suna tare da ita kai tsaye.