Baban Folarin Mai Ɗaurin Gwaggwaro

A unguwar Oke Ado ta birnin Ibadan, babu matar da ba ta san Baba Folarin ba. Shi ne mai ɗaura wa mata gwaggwaro. Ranar Asabar tun da safe suke layi a ƙofar shagonsa, kowace da ashokenta, wato saƙaƙƙen yadin Yarbawa, a hannu. Ya naɗa, ya ninke, ya ja, ya soka allura. Kafin ka ce kwabo, ɗauri ya tashi a kan mace kamar fure ya buɗe.

Ɗansa Folarin yana aji biyar a firamare. Kullum da safe uban ke raka shi har ƙofar makaranta. A hanya ya saya masa ƙosai mai zafi, suna tafe suna hira. Folarin ba shi da lokacin da yake so kamar wannan.

Ana nan sai aka fara wani shirin barkwanci a talabijin. A cikinsa akwai wani mai ɗaurin gwaggwaro. Tafiya yake yana rangwaɗa, yana murguɗa baki. Da ya taɓa abu sai ya yi ihu da siririyar murya, "Wayyo farcena!" Kowa ya yi ta dariya.

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta, yara suka taru a bakin ƙofa suna kwaikwayon mutumin. Wani ɗan ajinsu, Rotimi, ya juyo.

"Kai Folarin, ashe ba aikin babanka ke nan ba? Aikin mata!"

Folarin ya ga duk idanu sun dawo kansa. Ya ce a ransa, gara su yi dariya tare da ni, da su yi mini dariya.

Sai ya cire rigar sanyinsa, ya kama kan Rotimi ya fara naɗawa. Yana yi yana karairaya.

"Zauna, uwargida, in gyara ki! Wayyo farcena!"

Kai, ranar an sha dariya! Babu wanda ya kai shi iyawa, domin shi ya san yadda ake ninkewa da yadda ake ja. A shagon babansa ya gani.

Yana cikin yi sai ya ji wurin ya yi tsit. Ya ɗago kai. Ga babansa tsaye da lema a hannu. Hadari ya gani ya haɗo, shi ne ya rufe shago ya taho ɗaukarsa.

Baba Folarin ya matso kusa da shi. Ya buɗe lemar, ya riƙe ta a kan ɗansa, ruwa na dukan tasa kafaɗar har suka isa gida.

Washegari suka fito kamar kullum. Ya saya masa ƙosai kamar kullum. Amma da suka zo kwanar mai gasa ayaba, can nesa da ƙofar makaranta, sai uban ya tsaya.

"Daga nan ka ƙarasa."

"Baba, ai ba mu iso ba."

"Na sani, ɗana. Ba na so abokanka su gan ni, su sa ka jin kunya."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Har gyara masa wuyan riga ya yi. Wallahi da dukansa ya yi, da ya fi wa Folarin sauƙi. Ya ƙarasa makaranta shi kaɗai, ƙosan ya yi sanyi a hannunsa.

Kwana uku ana haka.

A rana ta uku kakarsa, Mama Agba, ta ga ya tasa amala a gaba ya kasa ci. Tsohuwa ce mai ban dariya, hannunta na dama ya daɗe da shanyewa.

"Maigidana, me ya faru? Ko ka yi sabuwar mata ne ka daina cin abincin gidana?"

Folarin ya fashe da kuka. Ya faɗa mata komai, bai ɓoye ko ɗaya ba.

Mama Agba ta ce, "Ka san a kan wa babanka ya koyi ɗauri?"

"A'a."

"A kan turmi."

Folarin ya share hawaye. "Turmi kuma?"

"Turmin sakwara. Yana da shekara sha biyu hannun nan nawa ya mutu. Na kasa ɗaura ko ɗankwali. Na daina zuwa coci, na daina zuwa biki, ina ɗaki ina kuka. Sai yaron nan ya kife turmi a tsakar gida, ya ɗauki gwaggwarona yana gwadawa a kan turmin. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya. Ko a jikinsa."

"Ya iya?"

"Ina fa! Na farkon da ya ɗaura mini, a tsakiyar titi ya faɗi, akuya ta taka." Ta yi dariya har da tari. "Amma bai daina ba. Yau shekara talatin, duk ranar Lahadi shi ke ɗaura mini. Saboda shi nake fita kaina a sama."

Ta kama haɓarsa da hannunta mai lafiya.

"Mutumin talabijin ɗin nan, ya san wannan labarin?"

"A'a, Mama Agba."

"To ka gani. Shi aikinsa ya ba mutane dariya, bai taɓa ganin babanka ba. Kai kuwa kullum kana ganinsa."

Folarin ya tashi da gudu sai shago. Ya kwanta rub da ciki a gaban babansa, yadda ɗa ke yi wa uba.

"Baba, ka yafe mini. Na yi kuskure."

"Tashi, tashi, kada ka ɓata rigar makaranta." Uban ya ɗaga shi ya rungume. "Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ya wuce." Ya ɗan yi murmushi. "Sai dai ninkin da ka yi wa yaron nan ya karkace. Zo in nuna maka."

Washegari Folarin ya sami malamarsu, Malama Oyelami. Ya roƙe ta a gayyaci babansa ranar al'adu ta makarantarsu. Ta ji labarin duka, sannan ta shiga aji ta yi tambaya.

"A talabijin, wa kuke gani yana girki?"

"Mata!"

"Wa ke gyaran inji?"

"Maza!"

"To, a gidajenku fa?"

Wata yarinya, Morenike, ta ɗaga hannu. "Mamata ce ke gyara janareto a layinmu."

Rotimi ya sunkuyar da kai. "Miyar babana ta fi ta mamata daɗi. Amma don Allah kada a faɗa mata."

Ajin ya kwashe da dariya. Malama ta ce, "Kun gani? Talabijin tana nuna abin da wani ya tsara ne. Ba ita za ta faɗa muku abin da namiji ko mace za su iya ba. Duk sana'ar da aka yi da gaskiya abar girmamawa ce."

Ranar al'adu Baba Folarin ya zo. Ya ɗaura wa 'yan mata goma sha biyu masu rawa, ya ɗaura wa Malama. Folarin na gefensa yana miƙa allurai. Duk wanda ya tambaya sai ya ce da ƙarfi, "Babana ne!"

Daga ranar Folarin ya gane cewa bai kamata mutum ya raina nasa don abin da ya gani a talabijin ba.

Ranar Litinin suka fito da ƙosansu. Da suka zo kwanar mai gasa ayaba, uban ya rage tafiya. Folarin ya damƙe hannunsa gam.

"Baba, ai ba mu iso ba."