Izinin Gona

Ranar da Mahadi ya fara ganin Shafa'atu, yana tsaye ne gaban manoman Ƙarfi a harabar firamare, yana bayanin bincikensa na digiri. Jami'arsu ce ta ce a daina kulle ilimi a kabad, a kai shi ga masu fartanya. Ya yi rabin awa yana faɗin "Striga", mu kuwa muna ta gyaɗa kai. Ni na fi kowa gyaɗawa, don na ɗauka sunan sabon taki ne.

Can baya wata malamar aji huɗu, wato Shafa'atu, ta ɗaga hannu.

"Malam, wannan Striga, ko wuta-wuta kake nufi?"

Sai wuri ya kaure da dariya. Ashe ciyawar nan ce mai jan fure da ke shanye mana masara tun zamanin kakanni. Mahadi bai ji dariyar ba. Mayafinta ya gani, kalar furen nan sak, da ɗan guntun alli a yatsunta. Abin da zai faɗa a gaba ya tashi ya bar shi.

Daga ranar ita ke mayar masa da takardunsa Hausar da mutum zai ji. Bayan la'asar sukan zauna a dakalin ƙofar gidan su Shafa'atu, shi ya karanto Turanci, ita ta yanke masa rassa. Takan ce duk jimlar da Gwaggo Hajo, yayar babanta, ba za ta gane ba, ba ta gama dahuwa ba. Tana kiransa Malam Striga, shi kuma ya raɗa mata Ƙamus.

Wata safiya ya aika mata saƙo ta waya: "Ƙamusuna, akwai wata kalma da ta tsaya mini a ƙirji tun ranar taro. Na duba littattafai ban samu fassararta ba."

Ta amsa: "Malam Striga, kalmar Hausa ce. Tsoron faɗinta kake yi."

To, bincike na son gonar gwaji, kuma babu gonar da wuta-wuta ta aura kamar ta mahaifinta, Alhaji Ummaru, wanda yake yayana. Mahadi ya same shi a zaure, ya durƙusa ya ce ya zo neman izini. Alhaji dai ya daɗe yana ganin wannan zama na dakali. Ya yi murmushi ya ce irin wannan magana ba ta yaro ba ce, ya je ya turo manyansa.

Mahadi ya tafi yana yaba tsarin mutanen Ƙarfi. Ranar Asabar sai ga shi da Farfesansa a motar jami'a.

An shimfiɗa darduma, an kira liman, ni aka tura Malumfashi sayen goro, na zaɓo fari ƙal. Bayan gaisuwa Farfesa ya gyara tabarau ya fara.

"Alhaji, mun duba ta, mun ga ta gaji sosai, shi ya sa muka zaɓe ta. Damina biyu kawai za mu gwada ta. In ba ta yi albarka ba, sai mu dawo maka da abarka mu nemi ta maƙwabci."

Liman ya ajiye goron da ya ɗauka.

"Da farko dai," in ji Farfesa, "za mu raba ta huɗu."

Ban taɓa ganin yayana ya miƙe da sauri haka ba. Kafin a gane gona ake nufi, magana ta riga ta kai bakin kasuwa. Alhaji ya ce an yi masa wasa da furfura gaban liman, saboda haka yaron nan ba shi ba gonar, ba shi ba dakalin. Cikin mako guda Isah, mai shagon maganin feshi a Funtuwa, ya fara faka mota a ƙofar gida yana zuwa zance wurin Shafa'atu, Alhaji kuma bai hana shi ba.

Mahadi ya rubuta mata: "Na kashe kaina da bakina. Ki yafe mini, Ƙamus."

Ta kwana biyu ba ta amsa ba. Sannan ta ce: "Baba bai ƙi ka ba, kunya aka ba shi. Ku 'yan jami'a kuna magana ba ku duba kunnen da zai ji. Gwaggo ta ce ka zo, tana da 'yar gona iyaka da tasa."

Haka aka yi. Mahadi ya raba gonar Gwaggo Hajo, wani ɓangare ya shuka irin masara mai jure wuta-wuta tare da waken suya, wani ya bar shi yadda aka saba. Duk damina yana can, wandonsa a naɗe. Ba ya iya zuwa dakali, sai dai ya hango mayafin nan daga nesa idan ta kawo wa Gwaggo abinci, masara na kaɗawa a tsakaninsu, hadari na taruwa ta wajen Dandume. Wani lokaci iska takan kawo masa dariyarta, ya tsaya da igiyar awo a hannu har ya manta lambar da ya ƙirga.

Alhaji kuwa kullum yana bin iyakar, wai ciyawa yake dubawa. Tasa gonar ta yi ja da fure, ta Gwaggo ta yi duhu da ganye.

Da kaka aka kira taron manoma a bakin gonar. Wannan karon Mahadi bai ɗauko takardunsa ba. Ya tumɓuke masara guda ya nuna mana yadda wuta-wuta ke maƙale wa saiwa tana tsotsa tun kafin ta leƙo waje. Ya ce waken suya yana yaudararta ta tsiro, ta rasa abin kamawa ta mutu. Gwaggo Hajo ta ce ta gane. Ni ma na gane, da gaske wannan karon.

Da mutane suka fara watsewa Alhaji ya kira shi gefe, ni ina kusa ina yi kamar ina duba zangarniya.

"Yaro, ranar nan izinin me ka zo nema?"

"Na gona, Baba. Amma da na san za a ba ni ɗayan, da ban ko ambaci gona ba."

Alhaji ya daɗe yana jujjuya masarar da ke hannunsa.

"Gonar na ba ka damina biyu. Ɗayar kuwa ba ta gwaji ba ce, ba a kuma dawo mini da ita. Ka turo manyanka. Na gida nake nufi."

An ɗaura aure bayan an gama sussuka, ranar Asabar da hantsi. Ni aka sake turawa sayen goro. Farfesa ya zo cikin babbar riga, aka zaunar da shi a sahun gaba, Alhaji ya sa ni kusa da shi da umarnin kada in bari ya ce komai sai amin.

Ana shafa fatiha wayar ango ta yi ƙara a aljihu.

"Malam Striga, yanzu ka samu fassarar?"

Ya rubuta: "Na samu, Ƙamusuna. Ina son ki."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya raba gidansu da duk abin da ke tsotsa ta ƙarƙashin ƙasa. Farfesa ya ce amin, kuma kowa ya gane.